Gadar da Na Rufe

Talata, 9 ga Afrilu, da hantsi

Yau Wade Stroh ya gifta ni a hanyar tsakuwa bai ɗaga yatsa ba. Na ɗaga nawa daga kan sitiyari kamar kullum, shi kuwa ya zuba wa hanya ido sai ka ce babu mutum a motata. Shekarata sittin da ɗaya a gundumar Ansel, ko wanda kuka yi shari'ar shinge da shi, in motocinku suka haɗu sai ya ɗaga maka yatsan nan. Wade kuwa a hannuna aka yi masa baftisma, ni na share masa majina har ya shiga makaranta.

Da na dawo na gaya wa Lumir. Yana zaune bakin taga da sandarsa, ya ce, "Ƙila rana ce ta kashe masa ido, ranki ya daɗe Kwamishina." Na ce yau ko ranar ma ba ta fito ba. Ya ce, "To ƙila yatsan ne ya yi targaɗe." Shanyewar ɓarin jikin da ta kama mijin nan nawa bara ta ɗauke masa ƙafa da hannu, amma ba ta taɓa bakinsa ba.

Ranar Asabar aka binne Doyle, uban Wade. Wannan ba zan rubuta shi ba.

Gadar tana nan a rufe.

Laraba, 10 ga Afrilu, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in karanta ranar da na fara shakkar kaina.

Komai namu yana kudancin kogi, a Orin: ofishin gunduma, makaranta, ɗakin shan magani, da motar asibiti guda ɗaya da muke da ita. Mu na arewa gida ashirin ne da ɗoriya a warwatse cikin tuddan yashi, kuma tsohuwar gadar ƙarfe ce hanyarmu tun zamanin kakanni. A watan jiya ruwa ya zo da ƙanƙara, gunduwa-gunduwa kamar ɗakuna, suka yi ta dukan ginshiƙin tsakiya. Injiniya ya zo daga jiha, na bi shi muka sauka ƙarƙashi cikin laka. Ya nuna mini tsagar, na zura hannu, hannun ya shige har wuyansa. Muna tsaye a wurin motar makaranta ta bi ta samanmu, na ji gadar tana motsi a tafin hannuna. Duk yaran arewa suna cikinta, har da 'yar Wade.

Mu uku ne a majalisa. Merle Pruitt, shugabanmu, mai shagon abincin dabbobi a Orin, ya ce a bar ta a buɗe. Delbert tsoho ne, rabin zaman barci yake yi, in ya farka kuma duk abin da injiniya ya faɗa shi yake bi. Saura ni, wadda mutanen arewa suka zaɓa don in tsare musu hanyoyinsu. Na ce a rufe.

Yanzu in za mu Orin sai mun zagaya ta babbar kwalta. Tafiyar da ba ta kai shan kofin gahawa ba ta koma sama da awa guda. Na san haka ranar da na ɗaga hannu, ni ma nan nake bi. Jiha ta ce sabuwar gada sai mun bi layi, wai masu bin tamu ba su da yawa.

Juma'a, 12 ga Afrilu, da sassafe

Wuyan hannuwana har yanzu ciwo suke. Lumir ya ce in je a duba, na ce sanyi ne.

Lahadi, 14 ga Afrilu, bayan coci

Bencinmu da na su Ardis, matar Doyle, ɗaya ne tun muna amare. Yau na shiga na tarar ta koma gaba, kusa da jikarta. Ban ga fuskarta ba sai ƙeyarta, gashin ya ƙara fari cikin sati biyu. Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri da juna yana kallon rufin ɗaki, don ya san duk inda ya sauke ido wani zai ce da shi ake.

Da muka dawo na tarar da kwanona a kan akwatin wasiƙu a bakin hanya. Naman da na dafa na kai gidan Ardis washegarin binne mijinta ne, yana nan yadda na rufe shi, ko cokali ba a sa ba. Ardis ce ta koya mini cewa ba a mayar da kwano fanko, ko ƙwai biyu ne sai ka saka. To ga shi ta mayar mini da shi cike.

Na zuba wa kare, na wanke kwanon, na yi kuka a wurin wankin. Lumir ya ƙara ƙarar rediyo don kada in ji kunya.

Talata, 16 ga Afrilu, da tsakar rana

Na je Orin sayen maganin allurar maruƙa. Ranar tambarinmu Asabar ta farko a Mayu ce, haka take tun zamanin uban Lumir. Maruƙa kusan ɗari biyu, kuma sai an ɗora wa kowanne ƙarfen wuta kafin mu sake su a tuddai inda shanun kowa ke cuɗanya. Ciyawar da muka tara ta kusa ƙarewa. Aikin nan mutum biyu ba sa yin sa, balle mace ɗaya da tsoho mai sanda. Gayya ake yi, yau gidanka gobe gidan wani, ba a biyan kowa sai da abincin rana.

Na shiga shagon shayi, hira ta ɗauke ɗif. Merle ne kaɗai ya ja mini kujera.

"Verna, zauna mana, ba za mu cije ki ba. Haƙoran ma ba namu ba ne."

Na zauna. Ya ce an fara maganar yi mini kiranye, kuma su Wade ne a gaba. Na ce na ji.

"Ke da kin san lissafin wurin nan," in ji shi. "Mu duka gundumar ba mu kai ɗari shida ba, rabinmu kuma ƙafa ɗaya a kabari. Da shanu suna jefa ƙuri'a da mun fi birnin Omaha wakilai. Gida goma suka juya miki baya kin tafi. Abin da nake cewa, zaman Litinin ta farko a wata mai zuwa, mu buɗe ta ga ƙananan motoci kawai. A kafa allo, kaza nauyi kaza. Kowa ya huta, ke ma ki huta."

Na ce, "Merle, allon hanya a gundumar nan me ake yi da shi?"

Wani daga can teburi ya ce, "Gwajin bindiga." Aka yi dariya, sai kuma suka tuna da wa suke dariya, kowa ya koma kan kofinsa.

Na ce masa ranar da aka buɗe ta ga ƙaramar mota, kafin yamma wani ya bi da tirelar shanu, jibi kuma direban makaranta ya ce ai jiya ya ga tirela ta wuce lafiya. Merle ya ce in dai yi tunani, ya kuma ce, "Na ji tambarinku ya matso." Bai faɗe shi da mugunta ba, amma na gane abin da yake nufi.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da yamma

'Yata Joleen ta bugo daga Omaha. "Mama, ki sauka kawai. Ku sayar da shanun ku dawo kusa da mu, Baba ma ya samu likita a kusa. Wa ya rage a can da za ki kashe kanki dominsa?"

Na ce ni na rage. Sai ta tambayi lafiyar kare.

Ajinsu su tara ne suka gama makaranta, ɗaya ne ya zauna a gundumar, shi ne Wade. Ban gaya mata ya daina ɗaga mini yatsa ba.

Asabar, 20 ga Afrilu, da hantsi

An janye shingen gadar. Na je duba famfon shanu na gangaren kogi sai na ga katakan a gefe, ga sawun taya sabo fil a kan gadar, masu faɗi, na a-kori-kura mai jan tirela. Na zauna a kan dutse ina kallon sawun.

Na kira mai gyaran hanyoyin gunduma na ce ya kawo tsakuwa tifa biyu ya juye a bakin gadar, ɗaya kudu ɗaya arewa. Ya ce, "Misis Hladky, kin san gidan surukaina a arewa yake." Na ce na sani, ni ma can nawa yake, ya kawo.

Litinin, 22 ga Afrilu, da la'asar

Ina tsaye ana juye tsakuwar Wade ya iso. Ya fito daga mota bai rufe ƙofa ba. Kamar ubansa sak, har yadda yake tura hula baya in ransa ya ɓaci.

"Misis Hladky, wannan kuma mene ne?"

Tun da ya iya magana Anti Verna yake ce mini. Na haɗiye wannan.

Na ce, "Tsakuwa ce, Wade."

"Na ga tsakuwa ce. Ranar Juma'a na bi ta da shanu takwas a tirela, ko gezau ba ta yi ba. Shanu takwas! Motar asibiti nauyin me gare ta?"

Na ce ban sani ba. Na ce gadar da ta ɗauki shanu takwas ranar Juma'a ba ta yi wa kowa alkawarin Litinin ba, kuma 'yarsa tana cikin motar makaranta.

"Kada ki sa 'yata a bakinki," ya ce. "Kina wurin. Ke kika fi kowa sanin tsawon lokacin da muka jira."

Ya shiga mota ya tayar mini da ƙura. Direban tifa ya yi kamar yana duba tayarsa har ƙurar ta kwanta.

E, ina wurin.

Gadar tana nan a rufe.

Laraba, 24 ga Afrilu, da sassafe

Lumir ya ce mu yi hayar ma'aikata daga wata gunduma. Na ce ranar da aka ga baƙi suna kayar da maruƙa a gidan Hladky, mun fita daga gayya ke nan har abada, mu da kanmu muka rufe ƙofar. Ya ce, "Ai ke gwanar rufe abubuwa ce." Na jefe shi da tsumman goge kwano, ya cafe da hannun mai lafiya.

Ba zan buga wa kowa waya ba. Ba a taɓa gayyatar kowa ba, kowa ya san ranar. Zan dafa abincin mutum talatin kamar kowace shekara.

Asabar, 27 ga Afrilu, da yamma

Yau tambarin gidan Stroh. Lumir ya ce, "Da gaske za ki?" Na ce gidan Hladky bai taɓa fashin gayyar Stroh ba, kuma ba daga kaina za a fara ba. Na ɗauki sirinjina na tafi.

Da na iso an riga an ware maruƙa daga iyayensu, shanu suna ta kuka a bayan shinge. Ba wanda ya ce sannu da zuwa, ba kuma wanda ya ce koma. Na tsaya inda na saba tsayawa, gefen wuta. Mahaya suna zarge ƙafafun baya suna janyowa, samari bibbiyu suna dannewa, ƙarfe ya sauka, hayaƙin gashi ya tashi, ni kuma in soka allura in matsa. Doyle ne yake riƙe ƙarfen a da, yana yi yana zagin kowa. Yau Wade ne, kuma ba ya cewa uffan.

Turken da muka yi aikin shi ne dai turken. Na yi ta juya wa kusurwar yamma baya, wajen kwamin ruwa. Da maraƙi ya kufce ya gudu can, wani ne ya bi shi.

Da rana aka yi layin abinci a rumfar motoci. Na ɗauki faranti na shiga layi, don wanda ya yi aikin gayya ya tafi bai ci ba ya zagi masu gida. Ardis ce ke riƙe da ludayi. Ta zuba mini wake tana kallon farantin, ba ni ba. Na ce, "Ardis." Ta ce da wanda ke bayana, "Matso da naka."

Na zauna a ƙarshen benci. Waɗanda ke kusa suka tuna suna da magana da wasu a can gefe. Na cinye abincina tas, ko ɗanɗanonsa ban ji ba, na wanke farantin na kife, na yi godiya ga iska na tafi. Zuciyata ta yi nauyi a hanya, amma ban yi da-na-sanin zuwa ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, da tsakar rana

Merle ya bugo. "Verna, kalma ɗaya kawai, in gaya musu za ki duba maganar. Asabar gidanki ya cika."

Na ce, "Ka gaya musu akwai kolaci." Burodin nan mai zaƙi ke nan da nake gasa wa 'yan gayya kowace shekara.

Laraba, 1 ga Mayu, da yamma

Ciyawar da ta rage ba za ta kai mu tsakiyar wata ba. Na ƙirga da ido, na daina.

Iska ta yini tana kaɗawa daga arewa. Na gyara shingen turke ni kaɗai, na jera itacen wuta, na fito da ƙarafunan tambari na goge musu tsatsa. Lumir ya sa na kawo masa igiyarsa, ya zauna yana murza ta da hannu ɗaya yana shafa mata mai, shi da ba zai sake jefa ta ba. Ya ce in ba wanda ya zo, shi zai zauna a kan maruƙan ɗaya bayan ɗaya, nauyinsa ya isa.

Na yi dariya. Ban san zan iya ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, da hantsi

Na kwaɓa ƙullun kolaci. Uwar Lumir ta koya mini: ka ɗora tafin hannu ɗaya a kan ɗaya, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka, ka saki, ka sake dannawa.

Na kai tsakiya na tsaya. Haka aka koya mana a horon agajin gaggawa, haka kuma na yi wa Doyle a kusurwar turkensa, wajen kwamin ruwa, ranar da Ardis ta kira ni tana ihu don gidanmu ne mafi kusa. Na danna, na saki, na danna. Ardis tana tsugune tana riƙe da kansa, waya a kunnenta, tana tambaya ina masu motar asibiti suke. Suka ce suna kan babbar kwalta. Ta sake tambaya, suna kan babbar kwalta. Na ji haƙarƙarinsa ya ɓalle a ƙarƙashin hannuna ban daina ba. Da suka iso, su suka ɗaga ni daga kansa. Likita ya ce ko da sun zo da wuri ba lallai ba ne. Ba lallai ba ne, haka ya ce, bai ce a'a ba.

To, na rubuta.

Na wanke fuska na koma kan ƙullun. Tire shida na gasa, na cika su da busasshen tuffa da cuku mai zaƙi. Nama yana cikin tanda, dankali a fere, wake a jiƙe.

Asabar, 4 ga Mayu, da yamma

Gari bai gama wayewa ba na fita bakin turke na tsaya. Ba komai a hanya sai iska. Na ɗaura wa doki sirdi na ce ko ni kaɗai ce zan fara tattaro shanun. Ina sa ƙafa a likkafa na hango ƙura. A-kori-kura ɗaya da tirelar dawaki, wata a bayanta, wata a bayan wannan. Ta Wade ce a gaba.

Sun zo, dukansu.

Na ce, "Sannunku da zuwa." Wade ya taɓa bakin hularsa ya ce, "Mun zo wa Kawu Lumir." Ya wuce wurin tsohon da ke zaune a kujerarsa bakin shinge, ya durƙusa ya gaishe shi. Lumir ya ce, "Ka yi ƙiba, ɗan nan. Dokin ne abin tausayi." Wade ya kusa yin murmushi.

Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin na yau ba, ban kuma taɓa ganin mai shiru irinsa ba. Ba zolaya, ba wanda ya yi wa wani dariya don igiyarsa ta kuskure. Kukan shanu kawai da ƙaurin gashi. Ina allura suna matsa mini, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa tawa. Kafin rana ta take tsaka an gama, maraƙi na ƙarshe ya ruga wurin uwarsa da tambarinmu a cinya.

Na ruga gida na buɗe tukwane. Teburan suna jere a ƙarƙashin bishiyoyi, na shimfiɗa musu zannuwan uwar Lumir. Na buga ƙararrawar abinci. Da na fito da tiren nama sai na ga ana loda dawaki a tirela.

Na tsaya da tiren a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka je suka yi wa Lumir sallama, suka shiga motoci. Wani tsoho da muka yi makaranta tare ya kalli teburan, ya kalle ni, ya ce, "Ki yi haƙuri, Verna, an riga an yanke," ya bi sahu. Lumir ya ɗaga sandarsa ya kwaɗa wa shinge. "Ku dawo nan, 'yan banza! A gidan ubana ba a taɓa..." Muryarsa ta karye, ƙarar motoci ta rufe sauran. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba.

Na kai shi ɗaki ya kwanta. Na dawo na zauna a bakin dogon teburi, ni da abincin mutum talatin da ƙudaje. A nan ne, ban ɓoye ba, na ce a raina to me zai faru in na buɗe ta ga ƙananan motoci? Ƙila ta yi shekara goma a tsaye. Ƙila injiniyan matsoraci ne. Na gaji, wallahi na gaji.

Ina cikin haka wata tsohuwar mota ta shigo a hankali. Ardis ce, ita kaɗai. Ba ta zo da safe ba. Ta fito ba kwano a hannunta, ita da kowace shekara take kawo wakenta. Ta dubi teburan, ta ɗauki faranti, ta zuba nama da dankali, ta zauna daura da ni ta fara ci.

Ta ci rabi kafin ta yi magana.

"Gishirin nan ya yi yawa. Shekara arba'in ina gaya miki."

Na ce, "Ardis."

"Kada ki fara. Ban zo yafe miki ba. Ban san ko zan iya ba, kada ki sa rai." Ta ɗauki kolaci ta gutsura. "Merle yana yawo yana cewa jibi za ki sassauto, wai yau za ta karya ki. Gaskiya ne?"

Na ce ban ce masa komai ba, amma yanzun nan nake tunanin hakan.

Ta ajiye cokali. Sai a lokacin ta kalle ni cikin ido, karo na farko tun ranar turke.

"Verna Hladky, kada ki kuskura. In gadar nan tana buɗuwa don mutane sun ƙi cin namanki, to tana buɗuwa ranar da mijina yake kwance a ƙasa. Kin ji ni? Kullum in na kwanta abin da nake gaya wa kaina shi ne ba ta ɗaukar mota, da ta rufta da su, babu yadda za a yi. Da shi nake samun barci. In kika buɗe ta jibi, kin ƙwace mini wannan ma, kuma ranar ce zan tsane ki da gaske."

Na ce, "Hannuna ya shige cikin tsagar har nan." Na nuna mata wuyan hannuna.

Ta dubi hannun ta daɗe. Ta san abin da hannun nan ya yi a turkenta, tana wurin. Ba ta taɓa shi ba.

"To ki riƙe maganarki," ta ce. "Samo mini kwano in tafi wa jikata da kolaci, ita ba ruwanta da siyasarku."

Na cika mata kwanon nan da ta mayar mini. Ta karɓa ta tafi ba sallama.

Litinin, 6 ga Mayu, da yamma

Ɗakin taron ya cika har baranda, rabin arewa sun zagayo ta kwalta don su kalle ni. Merle ya karanta shawararsa ta ƙananan motoci, ya ce e. Aka taɓa Delbert ya farka, ya tambaya me injiniya ya ce, ya ce a'a. Aka juyo kaina. Na ce a'a, da ƙarfi, don na bayan ɗaki su ji.

Kiranyen a watan gobe ne. Merle ya ce ba zan kai labari ba, kuma ina jin ya yi gaskiya. Kafin nan dai ni ce a kujerar, kuma gobe zan sake rubuta wa jiha, zan yi ta rubuta musu har su gaji da sunana.

A hanyar dawowa, can wajen kwanar tsakuwa, motar makaranta ta wuce ni ta doguwar hanya, yara suna barci jingine da gilashi. Bayanta kuma motar Wade. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari, ba abin da ya motsa.

Na ɗaga nawa.